Bindiga na nan a sansani, amma rajistar ƙungiya ta gagara: ina iyakar siyasar Falasɗinawa a Labanon?

In ka je bakin sansanin Ain al-Hilwe da ke gefen birnin Saida a kudancin Labanon, abin da za ka fara cin karo da shi shingen sojan Labanon ne, su duba takardunka su duba mota, a wasu ɓangarorin ma katanga ce suka zagaye wurin da ita tun wajen 2016. Amma da zarar ka wuce shingen nan, to ka bar soja a baya, ba sa shiga. A ciki Fatah na da ofis da mayaƙa, Hamas na da nata, akwai ƙananan ƙungiyoyi masu zafin ra'ayi da suka riƙe wasu unguwanni, kowa da tutarsa da hotunan shahidansa a bango. Kuma wurin nan fa ƙasar Labanon ce, ba a taɓa yanke shi an ba kowa ba, babu wata doka a rubuce da ta ce soja kar ya shiga.

To abin da ke ɗaure kai shi ne, wannan Bafalasɗinen da yake zaune a inda ake ajiye roka a ɗaki, in ya ce yau zai je ma'aikatar cikin gida ya yi wa ƙungiyar matasan unguwarsu rajista da sunansa, ba zai samu ba. Ba ya zaɓe, ba a zaɓensa, ba ya mallakar gida da sunansa. Wato siyasar da ake yi da biro da takarda ita doka ta fi matsewa, wadda ake yi da bindiga kuma ita aka kau da kai aka bari shekara da shekaru. Yadda aka yi aka zo nan shi ne zancen.

A 1948 Falasɗinawa kusan dubu ɗari suka tsallako Labanon, yawancinsu daga Galili da garuruwan gaɓar teku irin su Akka da Haifa. Yau sansanoni 12 ne UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ta amince da su a ƙasar. Mutane da yawa suna ɗauka UNRWA ce ke mulkin sansanonin, a'a, ita makaranta ce da asibiti da kwasar shara da tallafi, ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, tsaro da doka a takarda na ƙasar da ta karɓi baƙin ne. Wajen yawansu ma akwai rikici, waɗanda ke rajistar UNRWA sun kusa rabin miliyan, amma ƙidayar da aka yi a 2017 mutum 174,422 ta samu a sansanoni da matsugunan da ke kewaye, saboda da yawa sun yi gaba, Jamus ne, Denmak ne, ƙasashen Galf ne.

Shekarun farko babu maganar 'yancin siyasa sam. Musamman zamanin shugaba Fu'ad Shihab daga ƙarshen shekarun 1950, hukumar leƙen asirin soja da ake kira Maktab al-Sani ita ke riƙe da sansanonin, taro sai da izini, zuwa wani sansani sai da izini, a wasu wuraren ko rufin siminti ba a yarda ka yi ba don kar zaman ya yi kama da na dindindin. Dattawan da suka ga lokacin har yanzu da ɗaci suke ba da labarinsa, kuma wannan ɗacin ne ya sa duk ranar da aka ce soja zai dawo cikin sansani sai hankalin mutane ya tashi, ko da su kansu sun gaji da 'yan bindigar cikinsu.

Bayan yaƙin 1967 komai ya juya. Sojojin Larabawa sun sha kashi cikin kwana shida, 'yan fida'i, wato mayaƙan sari-ka-noƙe na Falasɗinawa, suka zama su ne abin alfahari, suka fara kai hari Isra'ila daga kudancin Labanon, ita kuma tana ramawa kan Labanon ɗin, a Disambar 1968 ma har filin jirgin saman Beirut ta je ta ƙona jirage fiye da goma a ƙasa. Sojan Labanon ya ce zai taka wa 'yan fida'in birki, aka yi ta arangama a 1969, ƙasar ta rabu biyu, Musulmi da 'yan gurguzu da yawa suna bayan Falasɗinawa, jam'iyyun Kirista suna cewa ƙasa fa tana da mai ita, firaminista Rashid Karami ya ajiye aiki aka yi watanni ba gwamnati tsayayya. Sai shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya kira su Alƙahira, a farkon Nuwamban 1969 Yasir Arafat da babban hafsan sojan Labanon Janar Emil Bustani suka sa hannu kan abin da aka sani da Yarjejeniyar Alƙahira.

Wannan takardar ita ce kaɗai lokacin da aka taɓa rubuta iyakar abin da Bafalasɗine zai yi a Labanon, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Ɓangare ɗaya na zaman yau da kullum ne, haƙƙin aiki da zama da zirga-zirga, da kafa kwamitocin Falasɗinawa a cikin sansani su kula da al'amuran mutanensu. Ɓangare na biyu na bindiga ne, an yarda da ofisoshin rundunar Kifah Musallah, mai aikin 'yan sandan sojan Falasɗinawa, a sansanoni, an yarda Falasɗinawan Labanon su shiga gwagwarmaya da makami, an ce za a sauƙaƙa wa 'yan fida'i hanyar wucewa zuwa bakin iyaka ta yankin Arƙub. Sannan a cikin takardar dai aka ce hukumomin Labanon na farar hula da na soja za su ci gaba da riƙe cikakken ikonsu a ko'ina a kowane hali. Yanzu fisabilillahi ta yaya waɗannan biyun za su zauna a takarda ɗaya? Ka ce wa mutum ya kai hari daga gidanka, kuma ka ce kai ke da iko da gidan, alhali tun 1949 kana da yarjejeniyar tsagaita wuta da wanda za a kai wa harin. Kuma a ɓoye aka yi ta, 'yan majalisa da yawa suka amince ba su ga abin da ke ciki ba, Raymond Edde na cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi fili, yana cewa an ba Isra'ila hujjar shigowa ne kawai.

Shekara ɗaya bayan nan sai ga abin da ya faru a Jodan. Can ma irin wannan tambayar ce, wa ke da iko a titin Amman, sarki ko 'yan fida'i, Sarki Husaini ya amsa ta da tankoki a Satumbar 1970, zuwa tsakiyar 1971 ya gama korar mayaƙan PLO, uwar ƙungiyoyin 'yantar da Falasɗinu da Arafat ke shugabanta, su kuma suka kwararo Labanon da shugabanninsu da ofisoshinsu. Takardar da aka rubuta don 'yan fida'i kaɗan a tsaunukan Arƙub sai ga ta tana ɗauke da hedikwatar juyin juya hali gaba ɗaya a tsakiyar Beirut. A 1973 aka sake zama a otel ɗin Melkart da ke Beirut don a ƙara matse sharuɗɗan, bai yi aiki ba. Sauran labarin sananne ne, yaƙin basasa daga Afrilun 1975, faɗuwar sansanin Tal al-Za'atar a 1976, shigowar Isra'ila a 1978 da kuma babbar mamayar 1982, ficewar Arafat da mayaƙansa daga Beirut zuwa Tunisiya da wasu ƙasashe, sai kisan kiyashin Sabra da Shatila a Satumbar shekarar, makonni kaɗan bayan masu bindigar sun tafi sun bar mata da yara da tsofaffi. Ku riƙe wannan, don shi ne amsar da ɗan sansani ke bayarwa har gobe in aka ce ya miƙa makami. Daga 1985 kuma ƙungiyar Amal ta 'yan Shi'ar Labanon ta yi wa sansanonin Beirut ƙawanya na tsawon shekaru.

A ranar 21 ga Mayun 1987 majalisar Labanon ta soke Yarjejeniyar Alƙahira, shugaba Amin Jumayyil ya sa hannu. A ganina nan ne ainihin matsalar yau ta samo asali. Sokewar kanta ba laifi ba ce, ƙasa na da haƙƙin ta ce ba za a ƙara kai hari daga cikinta ba, babu ƙasar da za ta yarda da haka in tana da ƙarfin hanawa. Matsalar ita ce an soke ɓangaren bindiga da ɓangaren haƙƙin aiki da kwamitoci duk a lokaci guda, kuma ba a kawo komai a madadinsu ba, ba sabuwar yarjejeniya, ba dokar 'yan gudun hijira, ba komai. A 1991 bayan yaƙi soja ya karɓe wuraren Falasɗinawa a kewayen Saida, aka miƙa manyan makamai, aka fara maganar haƙƙoƙi sai ta mutu a hanya, ƙananan makamai suka zauna a ciki, soja ya tsaya a bakin ƙofa, aka bar kaza cikin gashinta.

To me doka ta ce yanzu? A idon dokar Labanon Bafalasɗine baƙo ne ɗan ƙasar waje, ko da shi da ubansa da kakansa a Saida aka haife su. Labanon ba ta sa hannu kan yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma ko da ta sa, sashe na 1D na yarjejeniyar ya ware waɗanda ke ƙarƙashin kulawar wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kamar UNRWA. Ita yarjejeniyar ma ba ta yi wa ɗan gudun hijira alƙawarin siyasa ba, sashe na 2 ya ce ya bi dokar ƙasar da yake, sashe na 15 da ya yi maganar ƙungiyoyi kuma ya taƙaita ne ga waɗanda ba na siyasa ba da na ƙwadago. Mu ma nan Afirka yarjejeniyar OAU, tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ta 1969 ta hana ɗan gudun hijira kai hari kan wata ƙasar ƙungiyar, da makami ko ta jarida ko rediyo, don haka ba Labanon ce ta ƙirƙiro tunanin ba. Akwai takardar Kasablanka ta 1965 da ƙasashen Larabawa suka yi kan a ba Falasɗinawa aiki da takardun tafiya, Labanon ta karɓe ta amma da sharuɗɗan da suka rage mata ƙarfi.

Inda Labanon ba ta da mafita mai sauƙi shi ne yarjejeniyar duniya kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda ta shiga tun 1972. Wannan ta raba abu biyu a fili, zaɓe da tsayawa takara da riƙe muƙami na ɗan ƙasa ne, sashe na 25 kenan, babu gardama, amma faɗin ra'ayi da taron lumana da kafa ƙungiya na kowane mutum ne da ke cikin ƙasar, baƙo ko ɗan gida, sai dai a taƙaita da dalilin tsaro da doka ta fayyace. Wato Labanon na da cikakkiyar hujjar hana Bafalasɗine ƙuri'a da hana shi roka, amma hujjar hana shi rajistar ƙungiyar agaji ko ta ɗalibai ba ta da ƙwari haka.

Kuma a nan ne aka fi matse shi. Dokar ƙungiyoyin Labanon tsohuwa ce tun ta Daular Usmaniyya ta 1909, ɗan ƙasa sanarwa kawai yake kaiwa ma'aikatar cikin gida a ba shi takardar shaida, amma ƙungiyar da ake ɗauka ta baƙi ce tana ƙarƙashin wata doka ta zamanin Faransawa ta 1939 wadda ke buƙatar izini daga gwamnati kanta. Sakamakon shi ne ƙungiyoyin Falasɗinawa masu aikin lafiya da ilimi da mata a sansanoni da sunayen abokansu 'yan Labanon ake musu rajista, masu aikin daban masu sa hannu daban. Su kuma Fatah da Hamas da Jabha Sha'abiyya da sauransu ba jam'iyyu ba ne masu rajista, suna nan ne kawai, suna da ofis, suna taron manema labarai, jami'an tsaro na zama da su a sha shayi a warware rikici, amma babu dokar da za ka buɗe ka ce ga abin da aka yarda su yi ga inda za su tsaya. Kwamitocin jama'a da ke kula da ruwa da wuta a sansani su ma ragowar Alƙahira ne, galibi ƙungiyoyi ke naɗa su ba zaɓe ba, a wasu sansanonin ma biyu ne, na ɓangaren PLO da na ɓangaren da ke adawa da ita. Abin da ke da tsayayyen matsayi a hukumance shi ne ofishin PLO da aka sake buɗewa a Beirut a 2006, wanda ya zama ofishin jakadanci a 2011, da kwamitin tattaunawar Labanon da Falasɗinawa da gwamnati ta kafa a 2005.

Me ya hana a gyara? Kalma ɗaya ce ke tsaye a hanya, tauɗin, wato zaunar da Falasɗinawa dindindin su zama 'yan ƙasa. Bayan yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989, wadda aka yi don kawo ƙarshen yaƙin basasa, an saka haramcinsa a gabatarwar tsarin mulki. Labanon ƙasa ce da aka raba komai bisa aƙida, shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a, kujeru 128 rabi Musulmi rabi Kirista, ƙidayar jama'a a hukumance kuwa tun 1932 ba a sake ba don tsoron abin da za ta nuna. Falasɗinawan yawancinsu Sunni ne, to kowa na lissafi. Abin dariyar shi ne su kansu Falasɗinawan ba sa neman tauɗin ɗin, suna cewa haƙƙinsu na komawa gida ne bisa ƙuduri na 194 na Majalisar Ɗinkin Duniya, amma duk da haka da sunan hana tauɗin aka yi dokar 2001 da ta hana su mallakar gida ko fili, har wanda ya saya kafin nan bai yi rajista ba ya shiga uku wajen gadar wa 'ya'yansa. Da sunan hana tauɗin ɗin ne dai likitanci da lauya da injiniya da sauran sana'o'i masu ƙungiya, kusan 39 a lissafin UNRWA, suka zama haramiyarsu, gyaran dokar ƙwadago na 2010 ya sauƙaƙa samun izinin aiki amma bai taɓa waɗannan ba. A 2019 da ministan ƙwadago Kamil Abu Sulaiman ya matsa kan masu aiki ba izini sansanoni suka yi makonni suna zanga-zanga, kuma ka lura, yawancinta a cikin sansani da bakin ƙofarsa aka yi ta.

Jodan ta bi wata hanya daban, kuma kwatanta su na da amfani. Can yawancin Falasɗinawa 'yan ƙasa ne da fasfo, suna zaɓe, suna zama ministoci, har firaminista an yi daga cikinsu, Ɗahir al-Masri. Amma sharaɗin a fili yake, ka yi siyasa a matsayin ɗan Jodan cikin jam'iyyar Jodan, ba reshen wata ƙungiyar waje ba. Da wannan hujjar aka rufe ofisoshin Hamas a Amman a 1999 aka sa Khalid Mash'al da abokansa a jirgi zuwa Katar duk da suna riƙe da takardun ƙasar. Mai tsauri ne, amma aƙalla mutum ya san inda layin yake.

Kar kuma a ce koken 'yan Labanon ba shi da tushe, yana da shi sosai. Sansanin da soja ba ya shiga ya zama maɓoyar duk wanda ake nema, kuma da yawansu ba Falasɗinawa ba ne ma. A 2007 ƙungiyar Fatah al-Islam ta Shakir al-Absi, mai cike da mayaƙa daga ƙasashe daban-daban, ta kafa kanta a Nahr al-Barid kusa da Tarabulus, aka yi fiye da wata uku ana yaƙi, sojoji sama da 160 suka mutu, sansanin ya zama kufai, mutum kusan dubu talatin suka rasa muhalli kan rikicin da ba su suka jawo ba. Tun daga nan shi ne sansanin da hukumomin Labanon ke riƙe da tsaronsa kai tsaye. A 2023 Ain al-Hilwe ta sake kamawa bayan kashe kwamandan Fatah Abu Ashraf al-Armushi, makarantun UNRWA suka koma sansanin mayaƙa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na 1559 na 2004 ya ce a kwance ɗamarar duk mayaƙa na gida da na waje, taron shugabannin Labanon na 2006 ya amince a kwashe makaman Falasɗinawa da ke wajen sansani cikin wata shida, ba a yi ba, saboda wuraren na ƙungiyoyin da Siriya ke goya wa baya ne, kuma wa zai taɓa makamin Bafalasɗine ya bar na Hizbullah? Sai da gwamnatin Assad ta faɗi a Disambar 2024 sannan soja ya shiga ya karɓe waɗannan sansanonin horon na kwarin Biƙa ba tare da faɗa ba.

Bayan 7 ga Oktoban 2023 Hamas ta gwada iyakar da kanta. Ta harba rokoki daga kudu, a Disamba ta sanar da kafa wata sabuwar tawagar matasa a Labanon da sunan Ɗufanul Aƙsa, nan take 'yan siyasar ƙasar daga ɓangarori daban-daban suka yi caa, kowa na cewa ba za a koma 1969 ba, har ta dawo tana cewa ba rundunar soja take nufi ba. A 2 ga Janairun 2024 Isra'ila ta kashe mataimakin shugaban Hamas Salih al-Aruri a unguwar Dahiya ta Beirut. Bayan tsagaita wutar Nuwamban 2024 tsakanin Isra'ila da Hizbullah da zuwan shugaban ƙasa Joseph Aun da firaminista Nawaf Salam da takensu na makami a hannun gwamnati kaɗai, sai aka sake harba rokoki a Maris ɗin 2025, majalisar ƙoli ta tsaro ta fito a farkon Mayu ta gargaɗi Hamas da sunanta, ita kuma ta miƙa wasu da ake zargi. A watan dai shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas ya zo Beirut, shi da Aun suka fitar da sanarwar cewa zamanin makami a wajen ikon gwamnati ya wuce, kuma ba za a yi amfani da Labanon wajen kai hari ba. A Agusta aka fara miƙa makamai daga Burj al-Barajna, sai sansanonin yankin Sur, sai Ain al-Hilwe da Baddawi a Satumba.

Sai dai ɓangaren PLO ne ke miƙawa, musamman Fatah. Hamas da Jihadul Islami ba sa cikin PLO, suna cewa Abbas bai yi shawara da su ba, kuma maganar makami ba za a raba ta da maganar haƙƙin aiki da mallaka da tsaron sansani ba. Mutum zai iya cewa fakewa suke yi, wataƙila ma haka ne, amma gwamnati ce ta bar musu wurin fakewar. Sanarwar Aun da Abbas ta yi alƙawarin inganta rayuwar 'yan gudun hijirar, to amma karɓar bindiga aikin soja ne da mota, gyara dokar mallaka ta 2001 da buɗe sana'o'in nan da ba ƙungiyoyinsu rajista kuwa sai an kai gaban majalisar nan mai kujeru 128, inda duk ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin ya san kafin ya zauna wani zai miƙe ya ce tauɗin ne ta bayan gida.